Tsofaffin 'yan kurket na West Indies da labaransu: wanne za a ɗauka, wanne za a tace?

Tambaya: Malam, kwanan nan na faɗa kallon hirarrakin da ake yi da tsofaffin 'yan wasan kurket na yankin Karibiyan, irin su Viv Richards da Michael Holding da Clive Lloyd. Yadda suke ba da labari sai ka rantse yaƙin neman 'yanci suka yi. Haka abin yake da gaske, ko kurin tsofaffi ne? Kuma me ya sa hirarsu ba ta wuce jiya?

Amsa: Ɗan'uwa, mafi yawan abin da kake ji ya faru, kuma akwai takardun maki da hotunan bidiyo da ke shaidarsa. Sai dai labarin da aka maimaita shekara arba'in kamar tsohuwar taɓarya yake, hannu ya riga ya goge masa duk wani kaushi. Na daɗe ina bin waɗannan hirarraki ina gwada su da alƙaluman wasannin, kuma da wuya in kama mutum da ƙarya tsagwaronta. Abin da na fi kamawa shi ne tsallake: wanda aka manta da sunansa, da ranar da ba a son tunawa.

Bari in fara da 'yar shimfiɗa saboda masu karatu da ba su san kurket ba. Mai jifa yana jefo ƙwallo mai tauri yana neman turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuma mai bugu yana kare su da sanda mai faɗi yana tara maki ta hanyar gudu tsakanin turakun ɓangare biyu shi da abokin bugunsa. Ana fitar da shi in jifa ya sami turaku, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko aka doki turaku da ƙwallo yana kan gudu bai isa ba. In an fitar da mutum goma, sai ɗaya ɓangaren ya karɓi sanda. Babban wasa tsakanin ƙasashe, wanda ake kira Tes, yakan kai kwana biyar. Maki ɗari a zagaye ɗaya abin alfahari ne ga mai bugu, haka fitar da mutum biyar ga mai jifa.

Babu wata ƙasa mai suna West Indies. Gungun ƙasashe ne da Ingila ta mulka: Jamaika, Barbados, Trinidad da Tobago, Guyana wadda ma ba tsibiri ba ce, da ƙananan tsibirai irin su Antigua da Saint Lucia da Grenada. An gwada ɗinke yawancin tsibiran su zama tarayya ɗaya a 1958, abin ya wargaje a 1962. Ƙungiyar kurket na cikin 'yan abubuwan da suka rage suna ɗauke da sunan. Sun fara buga Tes a 1928, amma aka shafe fiye da shekara talatin ba a naɗa baƙar fata kyaftin na dindindin ba. George Headley na Jamaika, wanda ya fi kowa iya bugu a zamaninsa, wasa ɗaya tak aka ba shi ya jagoranta, a 1948. Sai a 1960, bayan ɗan jarida C.L.R. James ya yi ta hura wuta a jaridar The Nation ta Trinidad, aka danƙa wa Frank Worrell ragamar tafiya Ostireliya. Saboda haka in ka ji tsoho yana cusa siyasar launin fata cikin maganar ƙwallo, ba shi ya ƙirƙira ba, a ciki ya tarar da ita.

In kana son ganin yadda labari ke sulɓi a bakin mai shi, nemi hirar Wes Hall kan wasan Brisbane na Disamban 1960. Hall mutumin Barbados ne, mai jifan gudu, daga baya ya yi minista ya kuma zama fasto, don haka baki ba ya yi masa wuya. An zo zubin ƙarshe, wanda a Ostireliya ta lokacin jifa takwas ne. Ostireliya na neman maki shida, saura mata mutum uku. Worrell ya riga ya hana Hall jefa ƙwallon nan mai dukan ƙasa ta taso wa mutum a fuska. A jifa na biyu Hall ya yi kunnen uwar shegu ya jefa ta, kyaftin Ostireliya Richie Benaud ya ɗan taɓa ta, mai tsaron baya ya cafke. A na biyar Wally Grout ya ɗaga ƙwallo sama, Rohan Kanhai na tsaye a ƙarƙashinta yana jira, sai ga Hall ya sheƙo daga inda ya yi jifa ya shiga gabansa, ta suɓuce masa. A na shida Conrad Hunte ya jefo daga can bakin fili aka fitar da Grout yana neman maki na uku, wanda da shi ne na nasara. Maki ya zo daidai, saura mutum ɗaya. A nan ne Hall ke cewa Worrell ya matso ya gargaɗe shi cewa in ya kuskura ya taka layin jifa, laifin da ke ba abokan hamayya maki ɗaya kyauta, to kada ya sake tunanin komawa Barbados. Ya yi jifa na bakwai, Lindsay Kline ya ɗan taɓa, suka ruga, Joe Solomon ya tsinci ƙwallo daga gefe, turke ɗaya kawai yake iya hange, ya jefa ya same shi. Kowane ɓangare na da 737. Kunnen doki na farko ke nan a tarihin Tes.

Duk jifan nan bakwai suna rubuce, babu mai gardama. Maganganun da ke tsakani kuwa, abin da Worrell ya raɗa da abin da Hall ya ce a ransa, nan ne gishiri ke shiga, domin mutum biyu ne suka ji, ɗayansu kuma ya rasu tun 1967 yana da shekara 42. Ni ina ɗaukar su yadda nake ɗaukar labarin tsohon ɗan dambe: kisan ya faru, kowa ya gani, amma kirarin da ya ce ya yi kafin ya kai hannu nasa ne, ba mai ƙwace masa. Ka lura kuma da wanda ya yi aikin ƙarshe. Solomon ɗan Guyana ne, jinin Indiya, mutum mai shiru. Zan dawo kansa.

Yanzu ga shekarar da hirarraki suka fi zama a kanta, 1976. Yadda ake ba da shi: sun je Ostireliya a ƙarshen 1975, Dennis Lillee da Jeff Thomson suka yi musu jina-jina, aka ci su 5 da 1, 'yan kallo na jifansu da zagin launin fata. Holding, yana ɗan shekara 21, har kuka ya yi a filin Sydney da alƙali ya ƙi fitar da Ian Chappell. Suka dawo gida, a Afrilu kyaftinsu Lloyd ya ba Indiya maki 403 ta nema a Port of Spain yana dogara da masu jifan murɗe uku, Indiya ta cimma adadin da asarar mutum huɗu kacal. Daga ranar Lloyd ya yanke shawarar tara masu jifan gudu huɗu. Sannan aka tafi Ingila, inda kyaftin Tony Greig, farar fata haifaffen Afirka ta Kudu, ya faɗa wa BBC cewa zai sa su ja ciki. Kalmar da ya yi amfani da ita irin ta bawa ce a gaban ubangida. Makonni biyu bayan haka 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai baƙaƙen fata wuta a Soweto ta Afirka ta Kudu. Ka auna yadda maganar za ta sauka a kunnen jikokin bayi, da kuma dubban 'yan Karibiyan da ke aikin bas da asibiti a Landan da Birmingham.

Wannan duk gaskiya ne. An ci Ingila 3 da 0. Richards ya tara maki 829 a wasa huɗu, ciki har da 232 a filin Trent Bridge da 291 a filin Oval. Greig da kansa ya durƙusa ya yi rarrafe a gaban 'yan kallo a Oval, alamar ya karɓi abin da ya shuka.

Amma ga inda takarda ke gyara baki. Hoton da ake yawan nunawa shi ne na filin Old Trafford, inda Brian Close na Ingila mai shekara 45 ya tsaya babu hular kwano ƙwallo na dukan ƙirjinsa. Mai kallo sai ya ɗauka da tsoratarwa kaɗai aka ci Ingila. Je ka duba Oval. Fari aka yi a Ingila a bazarar nan, fili ya bushe ya mutu, ƙwallo ba ta tashi. Holding ya fitar da mutum 14 a kan maki 149, kuma 12 daga ciki ko dai ya tumɓuke turke ne ko ƙwallo ta bugi ƙafar mutum tana kan hanyar turke. Wato ƙasa-ƙasa ya yi ta jifa, da gudu da saiti. A ganina aikin nan ya fi duk wani jifan fuska nuna ko su wane ne, amma ba ya ɗaukar ido a bidiyo kamar tsoho yana shan duka. Haka kuma hira kan jera Andy Roberts da Holding da Joel Garner da Colin Croft da Malcolm Marshall kamar tare suka sauka a 1976. Garner da Croft sai 1977 suka fara, Marshall a ƙarshen 1978. Waɗanda suka rufa wa Roberts da Holding baya a Ingila su ne Wayne Daniel da Vanburn Holder, waɗanda da wuya ka ji an ambace su.

Wani abin da ake wucewa da sauri shi ne inda aka koyi sana'ar. Fushi kaɗai ba ya koya wa mutum jifa. Kusan dukkansu a ƙungiyoyin gundumomin Ingila suka goge, suna wasa kusan kullum tsawon bazara: Lloyd a Lancashire, Richards da Garner a Somerset, Roberts da Marshall da Gordon Greenidge a Hampshire. Greenidge ma a garin Reading ya ƙarasa girma. Sannan ga gasar da attajirin talabijin na Ostireliya Kerry Packer ya shirya daga 1977 zuwa 1979, wadda ta ba su kuɗin da ba su taɓa gani ba, ta kuma haɗa su da mai horar da jiki Dennis Waight, wanda ya bi su shekaru yana sa su gudu. Masu gaskiya a cikinsu suna faɗin wannan in an tambaye su, sai dai ba kullum mai hira ke tambaya ba, don labarin bawa ya kayar da ubangida ya fi daɗin saurare. Sakamakon dai ba ya ɓuya: kofin duniya a 1975 da 1979, an share Ingila 5 da 0 a gidanta a 1984 aka sake a Karibiyan a 1986, kuma daga 1980 zuwa 1995 babu ƙasar da ta ci su a jerin wasannin Tes.

Laifi tudu ne. Tambayi 'yan Indiya na 1976 labarin Kingston, wasan da ya biyo bayan na Port of Spain, za ka ji wata waƙa daban. An fasa wa Anshuman Gaekwad bayan kunne, Brijesh Patel ya sha a baki, kyaftin Bishan Bedi ya janye mutanensa a zagayen farko, a na biyu kuma mutum biyar ba su iya fitowa bugu ba. Tambayi 'yan Niyu Zilan labarin 1980, lokacin da Holding ya yi shuri da turaku a Dunedin don haushin alƙali, Croft kuma ya bangaje alƙali Fred Goodall a Christchurch. 'Yan West Indies za su ce alƙalancin ya ɓaci, kuma da alamar gaskiya a ciki, amma ka ji ɓangare biyun kafin ka yanke.

Na ce zan dawo kan Solomon. Bayan an soke bauta, Turawa sun kwaso ma'aikatan ƙwadago daga Indiya zuwa gonakin rake, a Guyana tun 1838, a Trinidad tun 1845, har zuwa 1917. Jikokinsu suna cikin ginshiƙan wannan ƙungiya. Sonny Ramadhin ne, tare da Alf Valentine, ya murɗe Ingila a Lord's a 1950, nasarar farko da West Indies ta samu a ƙasar Ingila. Gonar rake guda, Port Mourant, ta fitar da Kanhai da Solomon da Alvin Kallicharran. Shivnarine Chanderpaul ya buga Tes 164. To in aka mayar da labarin gaba ɗaya na 'ya'yan Afirka, ina za a ajiye waɗannan? Richards ya taɓa kwatanta ƙungiyar da ta jinin Afirka, maganar ta yi wa Indiyawan Guyana zafi ƙwarai, musamman da yake daga farkon shekarun 1980 har zuwan Chanderpaul a 1994 da wuya ka ga ɗansu a cikinta. Haɗin kan da ake yabo ma yana da iyaka. A 1992, wasan Tes na farko da Afirka ta Kudu ta buga bayan an ɗage mata takunkumin da aka sa mata saboda wariyar launin fata, mutanen Barbados ƙaurace wa filin Kensington suka yi don an ƙi ɗaukar ɗan tsibirinsu Anderson Cummins. Curtly Ambrose da Courtney Walsh sun ci wasan a ranar ƙarshe a gaban kujeru.

Hirarrakin da suka fi taɓa ni kuwa ba na zakarun ba ne. A farkon 1983, lokacin da duniya ta ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata, wasu 'yan wasan Karibiyan suka sulale suka tafi can buga wasa, suka sake komawa a ƙarshen shekarar. Lawrence Rowe ne kyaftin, mutumin da ya fara Tes ɗinsa da maki 214 da kuma 100 a wasa ɗaya, wanda Jamaika ke ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Akwai Croft, da Kallicharran, da Collis King wanda ya yi 86 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1979, da Sylvester Clarke da Franklyn Stephenson. An biya kowannensu abin da ya kai kimanin dala dubu ɗari, aka kuma haramta musu wasa har abada, kodayake an ɗage haramcin a 1989. Richards ya sha faɗin cewa an ba shi damar rubuta duk adadin da yake so ya ƙi, kuma wannan na cikin abin da ya ɗaga darajarsa har yau.

In ka saurari waɗanda suka tafi, hujjarsu kusan ɗaya ce: ƙungiya ta cika da gwanaye, babu gurbi, babu albashin kirki, ga iyali. Clarke da Stephenson a wata ƙasa da sun buga Tes hamsin, a nan suna bayan layi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasunsu kuma na cewa baƙaƙen Afirka ta Kudu sun ji daɗin ganin baƙar fata yana kayar da farare. Ni wannan hujja ta biyu ba ta gamsar da ni, domin gwamnatin ce ta fi cin ribar ziyarar, kuma Croft da kansa an kore shi daga taragon farare a jirgin ƙasa a Cape Town. Amma hukuncin da jama'a suka yanke musu ya fi na hukuma tsanani, musamman a Jamaika. Rowe ya koma Amurka da zama. A 2011 ya nemi gafara aka sa wa wani ɓangaren filin Sabina Park sunansa, cikin 'yan watanni aka cire. Richard Austin ya ƙare yana yawo a titunan Kingston har ya rasu a 2015. David Murray, ɗan shahararren Everton Weekes, ya rayu cikin ƙunci a Bridgetown har rasuwarsa a 2022. In an tara manya a dandali ana tuna zamanin zinariya, ba a ajiye wa waɗannan kujera.

Batun me ya sa hirarsu ba ta wuce jiya, ai yau ɗin ce ba ta da daɗin faɗa. Tun da Ostireliya ta ci su a gidansu a 1995 abin ke gangarowa. Brian Lara ya riƙe tuta shi kaɗai na wani lokaci, da 375 a 1994 da 400 a 2004, duka a Antigua kuma duka a kan Ingila. Sun ci kofin duniya na gajeren wasa a 2012 da 2016, amma ko a daren nasarar 2016 a Kolkata kyaftin Darren Sammy hukumarsu ya caccaka a gaban duniya. Ƙungiyar da ta ci kofin duniya biyu na farko ta kasa samun gurbin zuwa na 2023. Tsofaffi kan ce yaran yanzu ba su da kishi, kuɗi kawai suke bi a gasannin Indiya da sauransu. A nan nakan yi murmushi, don su ma da Packer ya buɗe jaka kusan dukkansu sun bi shi. Abin da ya canza ya fi kishi girma: ƙofar gundumomin Ingila ta ƙuntata, yankin mutum miliyan shida ne kacal da hukuma mai ƙaramin aljihu, kuma yaro na iya samun a wata biyu abin da Tes ba za ta ba shi a shekaru ba.

In za ka ci gaba da kallo, ka riƙa buɗe takardar makin wasan da ake magana a kai a gefe, suna nan a intanet. Ka fi ba Holding kunne in kana son bayanin sana'a, domin ya yi shekaru yana sharhi kuma ba ya yawan ƙawa. Jawabinsa kan wariyar launin fata a Yulin 2020, ana jiran ruwa ya ɗauke a Southampton, ya nuna maka abin nan bai zama tarihi a wurinsu ba. Ka nemi tsofaffin sharhin Tony Cozier na Barbados, wanda ya bi ƙungiyar fiye da shekara hamsin kafin rasuwarsa a 2016, shi ne ma'aunin da nake gwada sauran da shi. Sannan ka kalli ƙarshen wasan Brisbane na Janairun 2024, a filin nan dai na Hall da Solomon. Shamar Joseph, yaro daga ƙauyen Baracara na Guyana da ake shiga ta kogi, wanda ba da daɗewa ba yake aikin gadi, ya fito da yatsan ƙafa a kumbure ya fitar da mutum bakwai a kan maki 68, West Indies ta ci da tazarar maki takwas, karo na farko a Ostireliya tun 1997. Lara na ɗakin sharhi da makirufo a hannu, muryarsa na rawa, hawaye na zubo masa. Solomon bai gani ba, ya rasu a watan Disamba, makonni bakwai kafin ranar.